Rasuwar Baba Metir: me za mu rubuta a takardar ta'aziyya?

Sakatare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga waɗanda labari bai kai musu ba, Allah ya yi wa Baba Metir (Metir laƙabin lauya ne a Faransanci) rasuwa daren Talata a gidansa, an kai shi makwancinsa Laraba da hantsi. Shi ne dattijon ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban jami'a 'yan Maradi, kuma shi kaɗai ya rage mana cikin waɗanda suka sa kakin sojan Faransa kafin su riƙe alƙalami. Kwamiti ya ce in kawo muku tambaya biyu. Me za mu rubuta a takardar da za a karanta gaban iyalinsa, kuma me za a yi da ɗan abin da aka tara hannun ma'aji? Na zayyana layi ɗaya in ji ra'ayinku: "Jarumin soja, gogaggen lauya, uban 'yan boko na Maradi."

Hajiyar Zariya:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni dai duk abin da kuka rubuta bai kai ba.

Mushe Mai Ritaya:
Allah shi gafarta mishi. Sakatare, kafin a kai ga yabo a gyara shekaru. Na ji an faɗi wajen zaman makoki wai 91 gare shi. Takarda ce ta ce haka. Mu da anka haifa kafin a san rajistar haihuwa, alƙali ke duban haƙoranka da tsawonka shi rubuta "an haife shi wajen shekara kaza", daga baya a liƙa maka 1 ga Janairu. Shi ya sa rabin tsofaffin garin ga ranar haihuwarsu ɗaya. Tashi takardar ta ce wajen 1934. Amma da bakinshi ya gaya mini shekarar da Gulbi ya cinye tsohon gari, 1945, shi ya koro awakin gidansu zuwa tudu, da ƙanwarshi goye a baya, ruwa har ƙugu. Ya ce lokacin ya fara azumi cikakke. Ku ƙara mishi biyu ko uku, ba ku yi ƙarya ba.

Sakatare:
Mushe, mun ji. Sai mu ce "ya haura 90".

Ɗalibin Ɗan Dikko:
Allah ya jiƙansa da rahama. Iyayena ku yi mini afuwa, ni ne ƙarami a nan, amma kalmar "jarumi" ta tsaya mini a wuya. Jarumi a wane yaƙi? Aljeriya aka kai shi. Mutanen da suka tashi ranar 1 ga Nuwamba 1954 suna neman ƙasarsu, su aka ba shi bindiga ya harba. Musulmi 'yan'uwanmu, maƙwabtanmu ta arewa. Yau da sojan Faransa ya bar ƙasar nan tun Disamba 2023, aka cire sunan De Gaulle daga titin Yamai aka sa na ɗan gwagwarmayar 'yancin kai Djibo Bakary, mu kuma mu tashi gaban jama'a mu kira wanda ya yi wa Faransa yaƙin mulkin mallaka jarumi? A rubuta lauya, a rubuta malami, a bar sojan.

Malamin Limanci:
Ɗana, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Ɗalibin Ɗan Dikko:
Malam, wallahi ba zagi nake ba. Takarda za a rubuta da sunanmu duka, shi ya sa na yi magana.

Ɗan Mazan Jiya:
Yaro, ni mahaifina tare suka yi soja da Baba, daga Tibiri aka ɗauke shi. Kana magana kamar mutum ke tashi ya zaɓi yaƙin da ya ga dama. Tun dokar 1919 Faransa ke ɗibar samari a ƙasashen nan aikin soja na shekara uku. Kumandan ya aiko wa sarki adadi, sarki ya raba wa masu gari, mai gari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ɗan wa kake jin ake bayarwa? Ba ɗan mai doki ba. Aikin tilas ma sai Afrilu 1946 aka soke shi da dokar Houphouët-Boigny, ɗibar soja kuwa ta ci gaba. Duk sunan 'yan bindigar Senegal aka liƙa musu, alhali da Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe ne a ciki. Kai da ka samu jami'a a ƙofar gidanku tun 2010, kar ka auna su da mudunka.

Baƙon Katsina:
Ina yi wa mutanen Maradi ta'aziyya. Mu ma a wajenmu haka ne, kakannin wasunmu Bama aka kai su yaƙin Ingila da Japan, runduna ta 81 da ta 82. Har yau in an ce mazan jiya da girma ake faɗi, ba wanda ke tambayar su don me suka bi Bature.

Ɗalibin Ɗan Dikko:
Yaya, Bama daban, Aljeriya daban. Can yaƙin duniya ne. Nan kuwa bawa aka ba sanda ya doki bawan da ya tsinke igiya.

Jikar Baba:
Assalamu alaikum. Mun gode da addu'o'i, Allah ya ba da lada. Ni ce nake karanta masa saƙonnin wannan zaure tun da idonsa ya raunana, shi ya sa lambarsa take hannuna. Na yi niyyar in yi shiru, amma na ga ana kare shi da abin da shi kansa bai taɓa yarda a kare shi da shi ba. Kawu na Tibiri, ka yi haƙuri. Mahaifinka kama shi aka yi, Baba ya sha faɗa mana. Amma Baba ba a kama shi ba. Da ƙafarsa ya je ya sa hannu. Ya gama firamare, bai samu wucewa gaba ba, ya yi shekaru yana rubuta nauyin buhunan gyaɗa a bakin sikeli lokacin kaka, sauran watanni yana zaune. Ya ga waɗanda suka dawo daga soja da takalmi da keke da Faransanci a baki, ya bi. In wani ya ce masa ai tilas aka yi muku, sai ya ɗaga hannu ya ce a'a, kar a ɗauke masa kayan da shi ya ɗora wa kansa. Labarin Aljeriya kuma sau ɗaya na ji ya ba da shi, ina 'yar sakandare. Ya ce sun shiga wani ƙauye a kan dutse da asuba suna bincike, aka fito da maza aka tsugunar da su. Wani tsoho a cikinsu ya dube shi, ya ga baƙin mutum, ya yi masa sallama. Ya ce bakinsa ya amsa kafin hankalinsa ya dawo, ga bindiga a hannunsa tana kallon mutumin. Nan ya tsaya, bai faɗi abin da ya biyo baya ba, mu ma ba mu tambaya ba. Lambobin girmansa suna cikin wani gwangwanin shayi. Ban taɓa ganin ya rataya su ba, ko ranar bikin 'yancin kai, 3 ga Agusta.

Ɗan Mazan Jiya:
Ɗiyata, ban san wannan ba. Shekara nawa ina zuwa gaishe shi.

Ɗalibin Ɗan Dikko:
Yaya, na gode. Kin ga ke nan shi ma ba zai so kalmar ba.

Jikar Baba:
Ba zai so "jarumi" ba, gaskiyarka. Amma kai cewa ka yi a cire sojan gaba ɗaya, wannan kuma da ya yi maka faɗa. Cewa yake duk abin da ya zama daga baya, daga wannan kakin ya fito.

Mushe Mai Ritaya:
Haka ne, ku bari in ba ku yadda abin ya tahi, don yaran yanzu gani suke jami'a hanya ce miƙaƙƙiya: bak, wato jarrabawar gama sakandare, sannan lisans, digirin farko, sannan aiki. Shi ba shi da bak. Da anka kafa rundunar ƙasa, 1 ga Agusta 1961, da irinsu anka kafa ta, waɗanda Faransa ta sallamo. Tsohon shugaban ƙasa Seyni Kountché ma ai ta nan ya biyo, ya yi Indocin ya yi Aljeriya. To, yaro, in za ka goge duk wanda ya sa wancan kaki, ka shirya goge shafi da yawa. Baba ya yi 'yan shekaru shina aikin ofis cikin bariki, da dare shina karatu da fitilar ƙwai. Akwai wata ƙofa a tsarin Faransa ga wanda ba shi da bak, karatun shari'a na shekara biyu, in ka ci da maki mai kyau ka shiga jami'a sosai. Ta nan ya bi. Lokacin babu jami'a ƙasar ga ko ɗaya. Ta Yamai sai 1971 anka buɗe cibiyar, 1973 ta zama jami'a, sunan Abdou Moumouni kuwa sai 1992. Dole Dakar, wadda anka kafa tun 1957. Ku duba mutum ya haura talatin, da mata da ɗiya a gida, zaune aji ɗaya da 'yan shekara ashirin. Suna ce mishi Sajan. Sai ga Mayun 1968, ɗalibai sunka yi yajin karatu a kan rage musu kuɗin tallafi, ranar 29 ga wata shugaban Senegal Senghor ya tura jami'an tsaro cikin jami'a, anka kwashe baƙin ɗalibai anka maida kowa ƙasarshi. Abin da ke ba ni dariya har yau: ya ce shi ne ya koya wa yaran ɗakinsu su jiƙa tsumma su rufe hanci, su kwanta ƙasa, don ya san abin da mai kaki ke yi in an ce mishi shiga. Shekara ta lalace mishi. Abijan ya je ya ƙarasa.

Baƙon Katsina:
To ashe tsohon ɗalibin wace jami'a ce za ku rubuta, Dakar ko Abijan?

Mushe Mai Ritaya:
Shi cewa yake Dakar ta ba shi ilimi, Abijan ta ba shi takarda.

Matashin Lauya:
Allah ya jiƙan Metir. Ina Yamai, ban samu jana'iza ba, abin ya dame ni. Ina so in ce wani abu a kan "gogaggen lauya", don mutane na jin lauya sai su tuna baƙar riga da dogon Faransanci. Abin da ya bambanta shi shi ne inda ya zaɓi ya zauna. Aikinmu kusan duk a Yamai yake, can kamfanoni suke, can bankuna, can kuɗin. Shi ya yi shekaru yana akawun kotu kafin ya sa rigar, da ya sa kuma ya ƙi barin Maradi. Ga wanda bai sani ba, shekaru da yawa in ka ɗaukaka ƙara daga nan, Damagaram za ka, kilomita sama da 200, in kuma ta kai ƙoli sai Yamai, sama da 600. Talaka da aka zalunta a kan gona, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya bar wa Allah. Kuma shari'ar da ta fi yawa a nan ba ta littafin Faransa ba ce. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, aure, saki, gado da gonar da ba ta da takarda, da al'adar masu shari'ar ake yanke su, alƙali na zaune da masu ba shi shawara kan al'ada. Wanda ya haddace dokokin Faransa kaɗai, nan sai ya zama baƙo. Metir ya san rabon gado na Malikiyya kamar limami, ya san bambancin aro da jingina da kyauta da saye a bakin manomi, ya san wace itaciya ce ake kafa iyaka da ita. Na taɓa raka shi duba wata gona wajen Madarumfa ina ɗan koyo. Ni na buɗe fayil, shi ya tafi ya zauna da tsofaffin matan gari yana tambayarsu wa ke tsintar ɗiyan wata tsamiya da ke tsakiyar rigimar tun suna 'yan mata.

Hajiyar Zariya:
Metir ƙarami, ka taɓo inda ke mini. Da maigidana ya rasu, 'yan'uwansa suka ce gidan da muke ciki na gandu ne, in kwashe yara in koma gidanmu. Shekarar yunwar nan ce da ake ce wa El Buhari, iyaka a rufe, kasuwa ta mutu, hatsi ya yi wuta. Na je wajen Baba da ɗan kunnena na zinari ƙulle a bakin zane. Ya ce in mayar da abina. Ni so nake a je jistis a kunyata su. Ya ce mini, ɗiyata, shari'a mace ce da ciki, kuma ko kin ci, yaran nan baffanninsu ne har abada. Sau huɗu yana taka ƙafa zuwa gidan babban wansu. Ya tara su gaban mai unguwa da liman, ya lissafa tumunin takaba da rabon kowane yaro a kan allo da alli, da Hausa, kowa na gani. Aka rubuta, kowa ya dangwala. Gidan nan nake zaune yanzu ina wannan rubutu, kuma ɗan wan nasu ne ya auri ɗiyata ta biyu.

Na Bakin Gulbi:
Allah ya jiƙan musulmi. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kowa na faɗin wanda Baba ya ceta, bari in faɗi wanda ya kayar. Mu ne. Fadamar kakanmu, wadda muka noma shekara da shekaru, wani mai kuɗi ya fito da takarda ya ce an sayar wa ubansa. Mu mun san jingina ce. Baba ne lauyansa. Ya tsaya ya yi wa mahaifina tambayoyi har tsoho ya rikice a kan shekarar da aka karɓi kuɗin. Muka faɗi a nan, muka faɗi a Damagaram. Mahaifina bai sake noma rani ba har ya rasu. Ban zo ɓata makoki ba, na je gaisuwa ma. Amma in an rubuta "uban talakawa" ko wani abu mai kama da haka, ku sani akwai gidan da ba za a ce amin ba.

Sakatare:
Subhanallah. Yaya, mun ji, kuma hakkinka ne ka faɗa.

Matashin Lauya:
Yaya, ba zan ce maka ba a cuce ku ba, ban ga fayil ɗin ba. Abin da zan iya cewa, irin taku ta cika kotunan jihar nan: jingina ta baki, shaidu sun mutu, ɗaya ɓangaren na riƙe da takarda. Wannan ramin ne dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo cikewa, da kwamitocin filaye da ake ce wa Kofo, don a rubuta aro da jingina tun ana raye. Lauya kuma wanda ya ɗauke shi yake tsaya wa. Da ku kuka riga zuwa, ku zai tsaya wa da wannan kaifin.

Na Bakin Gulbi:
Da wane kuɗin za mu riga zuwa, Metir?

Hajiyar Zariya:
Ni ai bai karɓi ko dala ba.

Na Bakin Gulbi:
Hajiya, ke kin san ƙofarsa. Mu mutanen ƙauye ne a lokacin, ko sunan lauya tsoro yake ba mu. Kuma in bai karɓa a hannunki ba, a hannun wa kike jin yake karɓar na cefane?

Matashin Lauya:
Wannan tambayar ba ni da amsar da za ta yi maka daɗi. Haka aikin yake tafiya, har gobe.

Jikar Baba:
Kawu, ban san shari'arku ba, ban kai lokacin ba. A madadin gidanmu ina roƙonka, in akwai abin da ke ranka game da shi, ka yafe masa. Yana wurin da yake buƙata.

Na Bakin Gulbi:
Ɗiyata, na yafe tun ranar da na ji. Kalmar kawai nake so a auna.

Ɗan Mazan Jiya:
Tunda ana auna kalma, bari in sa nawa a sikeli, don ɗalibinmu ya ji abin da kakin ya haifar. Faransa ta yi doka ranar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon sojojinta na ƙasashen da ke samun 'yanci. Ma'ana, abin da kake karɓa lokacin 'yancin kai, shi za ka yi ta karɓa, na Bafaranshen da kuka kwana rami ɗaya kuma yana hawa duk shekara. Mahaifina kan dawo daga karɓar nasa ya ajiye a kan tabarma ya yi ta kallo. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, adadin ya ninka a takarda, tsofaffi suka yi murna kwana biyu, kafin su je kasuwa. Wani tsohon sajan na Senegal, Amadou Diop, shi ya kai ƙara, babbar kotun gwamnati ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya rasu tun 1996. Sai Mayun 2010 kotun tsarin mulkinsu ta rushe bambancin, aka ce daga 1 ga Janairu 2011 a daidaita. Shekara hamsin. Kuma ko a nan, wani ɓangaren sai ka rubuta ka nema. Wa zai rubuta? Mazan sun ƙare, saura zawarawa a ƙauyuka da ba su san harafi ba, takardar aure babu, sunan miji an rubuta shi iri uku a takarda uku. Baba ya riga ya ajiye aiki lokacin. Zaurensa ya koma ofis. Daga Tasawa, daga Dakwaro, daga Gidan Runji, tsofaffin mata da ɗan littafin soja naɗe a leda. Shi zai nemo shaidu a yi takardar aure a kotu, shi zai daidaita sunaye, shi zai rubuta wasiƙa, sau da yawa shi zai biya kan sarki. Na mahaifiyata, wani ofis ya ɓatar da fayil ɗin har sau biyu. Sau uku Baba yana haɗa shi. Ta karɓa wata bakwai kafin ta rasu, ta sayi rago ta yi layya da kuɗinta, ta aika masa da cinya. Wanda bai sa kakin ba ba zai san lambar runduna da inda ake nemo ta ba, wanda bai karanta shari'a ba ba zai san ƙofar da ake bugawa ba. Shi ya haɗa biyun.

Ɗalibin Ɗan Dikko:
Kawu, wannan ai ya ƙara nuna abin da nake faɗi game da Faransa. Tun barikin Thiaroye kusa da Dakar, 1 ga Disamba 1944, da suka buɗe wuta a kan sojojinmu don sun nemi kuɗinsu.

Ɗan Mazan Jiya:
Game da Faransa ba mu da gardama, yaro. Game da Baba muke magana.

Ɗalibin Ɗan Dikko:
Na karɓa. Na janye batun cire sojan. "Jarumi" dai har yanzu ban yarda ba.

Mushe Mai Ritaya:
Ba wanda ya rage shina kare ta, ɗana, kai kaɗai ke faɗa da ita. Ni abin da ke mini ciwo daban ne. Bara waccan munka ce za mu zauna da shi da na'ura mu ɗauki labarinshi: zaɓen raba gardama kan zama tare da Faransa na 28 ga Satumba 1958 da ya riske shi cikin bariki, juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, taron ƙasa na 1991 da ya bi ta rediyo tun 29 ga Yuli har 3 ga Nuwamba shina gyara wa masu magana kuskuren doka daga kan kujerarshi. Kowane wata sai mu ce wata mai zuwa. Yanzu da anka ce Hausa ce harshen ƙasa a kundin 2025, ana neman wanda zai faɗi kalmomin shari'a da Hausar da manomi zai gane, mutumin da ya yi shekara arba'in shina wannan aiki a zaure mun bar shi ya tahi da abinshi.

Hajiyar Zariya:
To kuɗin fa? Ni na ce a sayi shinkafa da mai a kai gidan ranar sadakar arba'in.

Malamin Limanci:
Hajiya, kin san garin nan, kina cewa arba'in rabin zauren nan zai tashi. A kai wa iyali abin da za a kai, kowace rana ce, a bar sa mata suna.

Baƙon Katsina:
Ko ku nemi a sa sunansa a wani ɗakin karatu a jami'arku.

Sakatare:
Wannan sai an bi hukuma, zai ɗauki lokaci. Ɗiyarmu, ku me iyali suka fi so?

Jikar Baba:
Abinci akwai, Alhamdu lillahi, mutane sun yi ƙoƙari. Abin da ya dame mu akwatin ƙarfensa ne na soja da ke zaure. Cike yake da fayil, da littattafan makaranta guda shida da ya rubuta da hannunsa, wasu da Faransanci wasu da Hausa. Mushe, ina jin wani abu daga abin da kake nema yana ciki, na ga shafin da ya jera kalmomi, wannan gefe Faransanci, wannan gefe Hausa. Sannan akwai fayil uku na zawarawa da bai gama ba. Ɗaya daga cikinsu ta zo jiya daga wajen Mayahi, ba ta ji rasuwar ba, da ledarta a hannu. Ta zauna ta yi kuka, da ta gama ta tambaye ni wa zai karɓi takardar. Na karɓa na ajiye, ban san me zan yi da ita ba. Gara kuma ta fara shiga akwatin ta ƙasa.

Matashin Lauya:
Kar kowa ya taɓa fayilolin, akwai sirrin mutane a ciki, kuma kar a ɗauki hotonsu a turo nan. Zan shigo motar daren Alhamis, in sha Allah Juma'a bayan masallaci ina gidan. Ukun nan na ɗauka. Sakatare, a ware kuɗin kan sarki da na motar matan daga abin da aka tara, nawa aikin ba sai an biya ba.

Ɗalibin Ɗan Dikko:
Littattafan shida ni zan ɗauki hotonsu shafi-shafi in buga a kwamfuta, in iyali sun yarda. Ba ni da darasi ranar Asabar.

Mushe Mai Ritaya:
Ba za ka iya karanta rubutunshi ba, irin na 'yan lakwal ɗin da ne, mai kwanciya. Ka biyo ta Mokoyo ka ɗauke ni a babur.

Na Bakin Gulbi:
Metir, in ka ci karo da fayil ɗin fadamarmu a ciki, ina so in gani. Ba don a tada komai ba.

Matashin Lauya:
Fayil ɗin na wanda ya ɗauke shi ne, Yaya, ba zan iya buɗe maka ba. Amma hukuncin kansa kana da hakkin neman kwafinsa a kotu, zan nuna maka yadda ake yi.

Sakatare:
To, takardar fa? Har yanzu ba ku ba ni layi ba, kuma gobe da la'asar za a karanta. Na cire "jarumi". Na cire "uban". Abin da ya rage a hannuna: "Tsohon soja, tsohon ɗalibin Dakar da Abijan, lauya." Ya yi kama da katin shaida.

Hajiyar Zariya:
Ka ƙara cewa ya riƙe zawarawa da marayu. Wannan ko na bakin Gulbi ba zai musa ba.

Na Bakin Gulbi:
Ban musa ba.

Jikar Baba:
Makullin akwatin yana wajen Inna, na gaya mata za ku zo Juma'a. Wanda zai biyo ta kasuwa ya taho da maganin gara da bulo huɗu a ɗora shi a kai.